Sandunan da Nasiru ya fiƙe ranar Talata

Nasiru ya rasu.

Da safen nan labarin ya same ni. Ina ƙofar gida ina fama da babur ya ƙi tashi, sai wayata ta yi ƙara. Ƙaninsa ne, Sale. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce, "Malam, sai haƙuri. Yaya ya cika da asuba."

Na ce, "Wane Yayan?"

Na san wanda yake nufi. Baki ne kawai ya tambaya.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yanzu na dawo daga Taba. Mun kai shi makwancinsa kafin a tafi masallacin Juma'a. Ko ruwa ban sha ba na zauna rubuta wannan, don akwai abin da nake so in roƙe ku kafin gobe. Amma bari in fara gaya muku ko wane ne shi, tunda da yawanku ba ku san shi ba sai a hotunan da nake sawa a nan.

Injiniya Nasiru ɗan Taba ne, ɗan fari a gidan Baba Tanimu manomi. Ɗalibina ne. Ni na koya masa kemistiri a sakandare, daga baya ya wuce ni nesa ba kusa ba, abin da kowane malami yake roƙon Allah ya nuna masa. A kudu yake aiki, a bakin teku, inda ake loda amoniya a jiragen ruwa. Aikinsa shi ne ya tabbatar ba ta yi yoyo ba, daga tanki zuwa bututu, daga bututu zuwa cikin jirgi.

Tun a maƙabarta na fara jin ana raɗa wai iskar wurin aikinsa ce ta kama shi. Don Allah a daina. Hutu ya zo gida, ciwon ciki ya tasar masa, aka kai shi asibiti a Zariya, likitoci suka yi iya ƙoƙarinsu, kwana ya ƙare. Babu ruwan aikinsa. Mutumin da kullum yake hana mu faɗin abin da ba mu auna ba, bai kamata a raka shi da ƙila-wa-ƙala ba.

Ranar da na fara lura da shi, kwalbar amoniya na ɗauko a lab, ɗakin gwaje-gwajen makarantarmu. Na gaya wa ajin ba a kai hanci bakin kwalba, da tafin hannu ake kaɗo iskar kaɗan. Kowa ya yi yadda na ce. Da aka zo kansa sai ya dangwara hanci gaba ɗaya. Ya yi baya yana tari, hawaye shaɓe-shaɓe, aji ya fashe da dariya. Da numfashinsa ya dawo sai ya ce:

"Malam, wannan ai zarnin turken awakinmu ne aka ɗura a kwalba."

Na ce, "Ita ce. Kuma da ita ake yin takin da babanka yake zuba wa masara."

Ya kalle ni kamar na zage shi.

Daga nan ya riƙa biyo ni da tambaya har gindin bishiyar da nake ajiye babur. Bai ƙara sakin zancen ba har ya koma ga Allah.

Da ya samu aiki bai manta da lab ɗin nan ba. Tabaran kariya da safar hannun da yaranmu suke sawa yanzu, shi ya turo su a mota, a cikin kwalin taliya. Da solar makaranta ta daina caji, ranar da ya sauka daga doguwar tafiyarsa ta kudu ya hau rufi da kaftaninsa, ya gano waya ce kawai ta kwance.

Duk zuwan da zai yi sai ya biya ya gaishe da mahaifiyata da ƙullin busasshen kifi. Ta ce, "Mai kifin teku ne?" Ya durƙusa ya ce, "Ni ne, Inna." Ita a saninta kifi yake sayarwa, shi kuma bai taɓa gyara mata ba.

Ban gaya mata ba tukuna.

Kun san ƙungiyar kimiyyar da nake yi da ɗalibai ranar Asabar. Wani lokaci abokan aikina na Makarfi da Ikara sukan kawo nasu yaran, har daga Saulawa da Kurmin Kogi. Nasiru ne baƙonmu na kullum, ta waya. Mu jingina wayar da bulo a kan tebur, yara su cunkushe, na baya su hau benci.

Ban taɓa ganin wanda ya iya sauƙaƙa magana kamarsa ba. Ni da nake malamin, a wurinsa na ari hanyoyin bayani da yawa. Ga yadda ya faɗa musu ranar farko:

"Iskar nan da kuke shaƙa, mafi yawanta naitirojin ne, abincin shuka. Amma shuka ba ta iya cin sa a haka, kamar ka miƙa wa jariri tsabar dawa ne. Sai an haɗa shi da haidirojin an yi amoniya, daga amoniya kuma a yi yuriya da sauran taki. Naitirojin kyauta ne, Allah ya cika sama da shi. Haidirojin ɗin ne matsala. Yawanci daga iskar gas ake ciro shi, kuma wajen cirowar ake sakin hayaƙin da yake ƙara wa duniya zafi."

Ya ce hanya biyu ake gwadawa yanzu don a rage wannan hayaƙi. Ko a kama shi a tura shi can ƙarƙashin ƙasa a rufe, ko kuma a bar gas gaba ɗaya, a sa wutar sola ko ta iska ta raba ruwa, a ciro haidirojin daga cikinsa.

Ni kun san ni da zumuɗi. Na miƙe tsaye na ce wa yara, "Kun ji ko? Rana da ruwa da iska! Wanne ne ba mu da shi? Saura kaɗan a fara yin taki a nan Kudan!"

Ya yi dariya har wayar tana rawa a hannunsa. Ya ce, "Malam, zauna tukuna."

Na zauna, yara suna ƙunshe dariya.

Ya ce, "Wutar da ake buƙata ba irin ta cajin waya ba ce. Injinan ba sa son a yanke musu, rana kuwa faɗuwa take yi. Ruwan kuma tatacce ake so, mai yawa. In daga rafin da masu tumatir da masu rake suke ban ruwa da rani za a ɗebo shi, to an gyara sama an ɓata ƙasa. Wanda kuma ya ce maka ya binne hayaƙi, ka tambaye shi nawa ya kama, nawa ya tsere, wa ya auna. Abin zai yiwu, Malam, ina cikin masu so ya yiwu. Amma kada mu yi wa yara alkawarin da ba mu za mu cika ba."

Wata Asabar ya nuna mana jirgi. Ba a shiga da waya wurin lodi, don haka bayan ya tashi aiki ya tsaya daga nesa ya juyo mana da ita. Jirgin ya fi makarantarmu tsawo har da filin ƙwallo. Ya ce amoniyar da ke ciki an sanyaya ta har ta zama ruwa, sanyin da ya fi na firiza. In ta yi yoyo ba wari kaɗai ba ne, tana ƙona ido da huhu, in ta zuba a teku kuma ta kashe kifi. Shi ya sa ake biyan mutum kamarsa ya yi ta zagaye yana duba mahaɗar bututu.

Sai ya nuna mana baƙin hayaƙin da ke fita ta saman jirgin.

"Kun ga wancan? Ko da rana aka yi abin da ke cikinsa, shi jirgin baƙin mai yake sha. Ana ƙoƙarin ƙera waɗanda za su sha amoniyar kanta, amma ita ma in ba a ƙona ta daidai ba tana da nata mugun hayaƙin."

Wata ɗalibata, Rukayya, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu kamar yana cikin ajin. Ta ce, "Injiniya, in an yi mai tsabtar, mu za a kawo wa, ko jirgi ne zai tafi da ita?"



Sai ya ce, "Ban sani ba, Rukayya. Yadda nake gani, wanda ya fi ƙarfin saye shi ake fara kai wa. Amma ki riƙe tambayar nan, kada ki yar da ita. Ki yi karatu har ki kai inda za ki yi ta ga masu yanke shawara."

Injiniya guda ya ce wa yarinya "ban sani ba" a gaban aji. Na daɗe ina ba da wannan misali.

Abin da ya fi yawan faɗa shi ne, kada ka ce abu mai tsabta ne sai ka bi sawunsa tun daga tushe har inda ya ƙare.

Shi ya bi sawun amoniya, sai sawun ya kai shi gonar babansa.

Kun san yadda muka saba. In masara ta kai gwiwa, a cika kwano da yuriya, a bi kunya ana watsawa, a bar ta fari tas a kan ƙasa. Ƙasa da laima, rana ta fito ta buga. Sai yuriyar ta narke ta koma amoniya, wani kaso ya tashi sama. In ruwa mai ƙarfi ya biyo baya, ya wanke wani kason zuwa rafi. Duk wanda ya taɓa shiga gona bayan an watsa ya ji hancinsa na yaji, ya san abin da nake faɗa.

Wannan abu yana cin ran Nasiru. Ya taɓa ce min:

"Malam, ni a can in ɗigo ya tsere sai ƙararrawa ta tashi, a tsayar da aiki, kowa ya sa abin rufe fuska. An ƙona gas, an sha wuya an kamo ta daga sama, an yi mata tanki, an mayar da ita taki, mota ta ɗauko tun daga kudu. Sai in zo gida in tarar da babana yana sakin ta da hannunsa, har yana waƙa."

Ya ce duk maganar sola da jirgi da binne hayaƙi, ba mu ke da iko da su ba tukuna. Amma wannan taki na ƙarshe, daga kwano zuwa gindin shuka, a hannunmu yake. Kuma buhun da bai tashi sama ba, buhu ne da ba sai an sake ƙona gas an yi wani ba.

Maganin ba wani abin mamaki ba ne, malaman gona sun daɗe suna faɗa. Sanda mai tsini. Ka huda rami ɗan nesa da gindin masara, kamar faɗin tafin hannu. Ka zuba cikin murfin kwalbar lemo. Ka rufe da dunduniya. Shi ke nan.

Baba Tanimu ya ƙi.

Sai kun san Baba Tanimu. Tunda Nasiru ɗan fari ne, ba ya kama sunansa. Ban taɓa ji ba ko sau ɗaya. In zai yi min zancensa sai ya ce "mutumin naka." In yana cikin nishaɗi kuwa, "Injiniyan zarni."

Bara na je gaishe su na tarar ana wannan gardamar a gindin ɗorawar bakin gona, washegarin ranar da Baba ya watsa taki.

Nasiru ya ce, "Baba, hancinka bai ji ba?"

Baba ya ce, "Na ji. Ƙarfin taki ke nan. Takin da ba ya wari ai garin rogo ne."

"Ƙarfin ne yake guduwa, Baba."

"To bi shi ka kamo, tunda sana'arka ce."

Sai ya juyo kaina. "Malam, kai ka ɓata shi. Na ba ka yaro in samu likita, ka dawo min da mai shinshina gona."

Muka yi dariya har Sale ya faɗi daga kan kututture. Amma da dariyar ta lafa, Baba ya faɗi ainihin dalilinsa.

Ya ce, "Gonar nan kafin rana ta take na gama watsa mata ni kaɗai. In na ce rami-rami zan bi, da bayan wa? Shi yana can bakin teku, ƙannensa suna makaranta, 'yan ƙwadago kowa na nemansu a lokaci ɗaya. A baki ai kowa manomi ne."

A hanyar komawa Nasiru ya ce min, "Gaskiyarsa ne, Malam. Ba rashin sani ba ne, hannu ne babu." Bai taɓa ɗaukar babansa jahili ba, kuma bai yarda wani ya ɗauke shi haka ba.

Bana Baba ya gaji da naci. Ya yanka masa gefen gonar ta wajen rafi ya ce, "Ga naka. Ka binne, ni in watsa. Iri ɗaya, taki ɗaya. Da kaka a jera buhu, kowa ya gani."

Zance ya bazu a Taba. A majalisar ƙofar masallaci har an rabu biyu, 'yan Baba da 'yan Injiniya. Manoma da dama sun ce in gefen Injiniya ya fi, baɗi su ma za su fiƙe sanda. Wasu kuwa jira suke ya faɗi su samu abin tsokana har ƙarshen rani.

Hannun da babu, ni na ce zan kawo. Ɗalibaina, da izinin iyayensu. Mun je mun binne takin farko bayan masara ta tsiro. Amma yuriya, taki na biyu, ita ce gwajin gaske, don ita ce mai guduwa. Saboda ita ya ɗauki hutu ya zo.

Gobe Asabar muka sa za mu binne ta.

Masara kuwa tana da lokacinta. In ya wuce, ko ka juye mata buhu ba za ta rama abin da ta rasa ba.

Ganina da shi na ƙarshe ranar Talata ne. Ya zo makaranta a acaɓa, da damin sanduna a kafaɗa da leda cike da murafun kwalba. Ya ce shago-shago ya bi yana tsinta, har mai shayi yana tambayarsa ko an kore shi daga aiki ne.

Ya zauna a dakalin lab da wuƙa yana fiƙe su ɗaya bayan ɗaya. Ya ware gajeru ya ce na 'yan aji ɗaya ne, kada dogaye su gajiyar da su. Na ga yana yawan dafe ciki. Na tambaye shi, ya ce, "Tuwon gida ne ya yi min yawa, Malam. Cikin ya saba da garin kwaki." Na ce ya je a duba shi. Ya ce zai je.

Ya ɗauki sanda ɗaya ya nuna min a ƙasar bakin lab, kamar ni ne ɗalibin. "Ka gaya musu kada su matsa gindi, zai ƙona saiwa. Kuma su taka sosai. Ramin da aka bari a buɗe, gara ma a ce watsawa aka yi."

Ya ɗaure damin ya jingina a bayan ƙofa. Ya kalli sama ya ce, "In ruwa ya sauka kafin Asabar mun ci sa'a. Ƙasa za ta yi laushi, sanda ta shiga ba wuya."

Har ya hau acaɓa ya juyo ya ce, "Malam, ko na makara ku fara. Kada ku jira ni."

Ba wani abu yake nufi ba. Ya san halinsa ne, sai ya tsaya gaishe da kowa a hanya.

Jiya ruwa ya sauka.

Yau a hanyar zuwa jana'iza na bi ta bakin gonar. Masara ta wuce gwiwa, ganyen ƙasa ya fara yin rawaya, alamar tana neman abinci. Ƙasa ta yi laushi yadda ya roƙa.

Ban ɓoye muku ba, har a sahun salla sandunan nan suna faɗo min a rai. Amma da wane baki za ka yi wa mutumin da ya binne ɗan farinsa zancen taki? Za a yi zaman makoki, mutanen gida ba za su fita gona ba. Yarana kuma ranar Asabar kawai nake da su. Kafin wata ta zagayo, masarar ta wuce. Na haƙura a zuciyata. Na ce shi ke nan, gwaji ya bi mai shi, majalisa za ta ce Allah bai nufa ba, baɗi kowa ya ɗauki kwanonsa.

Da muka dawo daga maƙabarta aka zauna a tabarmi a ƙofar gida. Baba Tanimu yana tsakiya, idonsa a bushe, yana amsa gaisuwa ɗaya bayan ɗaya. Na durƙusa na ce, "Baba, ya haƙuri?" Ya ce, "Da godiya, Malam." Na yi addu'a zan tashi, sai ya riƙe min hannun riga.

Ya ce, "Sandunan mutumin naka suna wurinka?"

Na ce, "Suna nan, Baba, a bayan ƙofar lab."

"Gobe ne ko?"

"Gobe ne. Amma Baba, ai yanzu..."

Ya ce, "Ruwa ya sauka. Masara ba ta san an yi rasuwa ba."



Ya ce, "Ni ba zan fita ba, mutane suna zuwa. Sale zai buɗe muku ɗakin taki. Ku binne. Duka gonar, har nawa gefen."

Halin malanta bai bar ni ba ko a nan. Kafin in ankara na ce, "Baba, in aka binne duka ai babu gwaji ke nan. Da me za a kwatanta?"

Ya kalli tabarma.

Sai ya ce, "Da wa zan yi gardamar yanzu, Malam?"

Wani dattijo a gefensa ya fara salati a hankali.

Can Baba ya gyara hularsa ya ce, "To, ku bar min kunya biyu ta bakin hanya. Ranar da aka tashi daga zaman nan ni zan watsa musu da hannuna, yadda na saba. Masu wucewa su gani da idonsu. In aka binne duka, cewa zai yi ba a auna ba."

Ko yau bai kama sunansa ba.

To ga roƙon da na ce zan yi muku.

Sandunan da Nasiru ya fiƙe, na gefensa kaɗai ya fiƙe. Yarana ma gefen kawai na shirya su yi. Yanzu gonar gaba ɗaya ce, kuma ba ƙarama ba ce. Matsalar da Baba ya faɗa bara tana nan, hannu ne babu.

Don haka tsofaffin ɗalibaina, 'yan ajinsu Nasiru, abokan aikina na Makarfi da Ikara, da duk wanda ya taɓa cunkusawa a gaban wayar nan da muke jinginawa da bulo: in kuna kusa, gobe da sassafe ku zo Taba. Duk wanda kuka tambaya zai nuna muku gonar Baba Tanimu, mai ɗorawa a baki. Kowa ya zo da sandarsa a fiƙe da murfin kwalbar lemo. Ɗalibai, sai kun nemi izini a gida, kuma ku karya kafin ku fito.

Wanda bai taɓa yi ba, kada ya ji komai, a tsaye za a koya masa. Faɗin tafin hannu daga gindi, murfi ɗaya, a taka sosai.

Kunya biyun bakin hanya kada wanda ya taɓa su. Na Baba ne.

In mun gama mu wanke hannu mu shiga mu yi gaisuwa. Ba hoto a gidan makoki, don Allah.

Ban san abin da kaka za ta nuna ba, kuma ba zan yi muku alkawari ba, don mai gonar gwajin ya hana ni yin irin wannan tun ranar da ya ce in zauna. Za mu binne, Baba ya watsa, a auna, a faɗi abin da aka gani.

Ya ce ko ya makara mu fara. Za mu fara.

Ya bar iyayensa, da matarsa Maryam, da yara ƙanana biyu.

Ya Allah, bawanka Nasiru ya zo gare ka. Ka jiƙansa, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sanyaya masa shi kamar yadda Ka sanyaya ƙasar da muka sa shi a ciki yau. Duk yaron da ya koyi wani abu daga bakinsa, duk ƙwayar da za ta fito a gonar nan a ci a ƙoshi, Ka kai ladan gare shi. Ka ba Baba Tanimu da mahaifiyarsa da Maryam haƙurin da Kai kaɗai ke bayarwa, Ka raya abin da ya bari. Mu kuma in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani.

Wanda ba zai samu zuwa gobe ba, ba komai. Amma kada ka wuce rubutun nan ba ka yi masa addu'a ba. Ka kira sunansa, Nasiru, ka roƙa masa gafara, ka sa babansa a ciki.